Na'urar ƙara ji ko dashen kokliya: wanne ya dace da wane kunne?

Akwai wata magana da masu raunin ji suke yawan faɗa wa likitan kunne: "Ina jin ana magana, amma ba na gane abin da ake cewa." A kan wannan magana zaɓin nan ya rataya. Mutane da dama sun ɗauka dashen kokliya babbar yayar na'urar ƙara ji ce kawai, mai hali ya yi dashe, marar hali ya haƙura da ta maƙalawa a kunne. Ba haka ba ne. Kowanne da aikinsa, kuma kunnen da ɗaya zai yi wa rana, ɗayan zai iya zame masa asarar kuɗi da lokaci, wani sa'in har da asarar ɗan jin da ya rage.

Sai an leƙa cikin kunnen bambancin yake fitowa. Sauti yana shiga ya kaɗa dodon kunne, wasu 'yan ƙasusuwa uku su miƙa kaɗawar zuwa katantanwar kunne, wato kokliya, wani ɗan bututu mai ruwa a ciki da ya naɗe sau biyu da rabi. A cikinta akwai ƙwayoyi masu gashi-gashi. Kimanin 3,500 da ke layin ciki su ne suke mayar da kaɗawar saƙon lantarki, su ba jijiyar ji mai zare wajen 30,000, ita kuma ta kai wa ƙwaƙwalwa. Waɗannan ƙwayoyi idan sun mutu, sun mutu ke nan, ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Sanƙarau yana kashe su, haka ƙyanda da hangum, da ƙara mai yawa, da tsufa, da wasu allurai irin su jentamaisin da sitireftomaisin. Wani kuma haihuwarsa aka yi da matsalar ta hanyar gado.

Na'urar ƙara ji ba ta gyara waɗannan ƙwayoyi. 'Yar makirufo ce da 'yar lasifika, tana ɗaukar sauti ta ƙara masa ƙarfi ta tura shi ta hanyar da ya saba bi. Na zamani suna da wayo, ana saita su da kwamfuta bisa takardar gwajin jin mutum, su ɗaga sautukan da ya rasa, su ƙyale waɗanda yake ji, su rage hayaniya. Amma duk wayonsu da ragowar ƙwayoyin nan suke aiki. Idan ragowar ta yi kaɗan, ƙarin ƙarfi ba ya kawo ƙarin fahimta. Kamar lasifikar da takardarta ta yage ce, ka murɗa ta har ƙarshe, ƙara za ka samu, ba magana ba.

Shi kuwa dashe tsallake matattun ƙwayoyin yake yi. Kashi biyu ne. Na ciki likita ne yake binne shi a ƙarƙashin fata ta bayan kunne, ya zura wata siririyar waya cikin katantanwar. A jikin wayar akwai 'yan ɗigon ƙarfe da ake kira ilektirod, guda 12 zuwa 24 gwargwadon kamfanin da ya ƙera, kowanne yana tsikarar wani yanki na jijiya da ɗan lantarki. Na bakin katantanwa suna ba da siririn sauti, na can ciki suna ba da mai kauri. Na waje shi ake ratayawa a kunne, ya ɗauki sauti ya sarrafa, ya aika ta wani ɗan faifai da maganaɗisu yake manne shi a kai, daidai saitin na ciki. Babu wata waya da take huda fata. A cire na wajen, ko batir ya mutu, nan take duniya ta koma shiru.

Dubi lissafin: ilektirod 22 a madadin ƙwayoyi 3,500. Shi ya sa sautin dashe bai zama irin wanda kunne mai lafiya yake ji ba. Manyan da suka taɓa ji kafin su kurumce sukan ce ranar da aka kunna musu sun ji muryar mutane kamar ta mutum-mutumi, ko kamar tsuwa zalla. Ƙwaƙwalwa ce take koyon fassara wannan tsuwa, a cikin makonni da watanni, har ta zama magana. Abin mamakin ma shi ne yadda take iyawa.

Fasahar ba ta jiya ba ce. A 1957 André Djourno da Charles Eyriès suka tsikari jijiyar jin wani majiyyaci da lantarki a Faransa, William House ya yi nasa dashen a Amurka a 1961, sannan Ingeborg da Erwin Hochmair a Ostiriya a 1977 da Graeme Clark a Ostiraliya a 1978 suka fito da mai ilektirod da yawa. Ya zuwa Disamban 2019 an dasa kimanin 736,900 a duk duniya. A ajiye wannan a gefen alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021: mutum miliyan 430 suna da raunin ji da ke buƙatar kulawa, miliyan 34 daga cikinsu yara ne, kuma kusan kashi 80 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici. Giɓin yana da girma, amma kada ya ruɗe mu. Mafi yawan waɗannan miliyoyi ba dashe suke buƙata ba, na'urar ƙara ji ce, kuma hukumar ta ƙiyasta kashi 17 cikin 100 kacal na masu buƙatarta suke amfani da ita.

Kafin ma a kai ga waɗannan biyun, a tabbatar matsalar a katantanwa take. Dauɗar da ta toshe kunne, ruwan da ya taru bayan dodon kunne, hujin da ciwon kunne mai ruwa ya bari, duk waɗannan magani ko ƙaramar tiyata suke nema.

To ina iyakar take? Ana auna ji da desibel, ma'aunin ƙarfin sauti. Raɗa tana wajen 30, hira ta yau da kullum wajen 60. Wanda sai sauti ya kai 35 zuwa 50 kafin ya ji, rauninsa matsakaici ne. Daga 65 zuwa 80 mai tsanani ne, sama da 80 kuwa ya yi zurfi ƙwarai. Daga ƙasa har zuwa wajen 60, na'urar ƙara ji ce ta dace, ba a ma kawo zancen tiyata. Sama da 90 a kunne biyu da wuya na'urar ta ba mutum magana. Tsakiyar nan ce take da wuyar sha'ani, kuma a nan lambar desibel ba ta isa ba. Mutum biyu za su zo da takardar gwaji iri ɗaya, ɗaya yana amsa waya da na'urarsa, ɗaya ko sunansa ba ya ganewa sai ya kalli baki. Don haka akwai gwaji na biyu, wanda a ganina ya fi na farko muhimmanci: a zaunar da mutum sanye da na'urarsa da aka saita da kyau, a sako masa jerin kalmomi ta lasifika, ba tare da ya ga leɓen kowa ba, a ƙirga nawa ya maimaita daidai. A Ingila, tun 2019 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya ta ce babba ya cancanci dashe idan rauninsa ya kai desibel 80 a kunne biyu kuma bai wuce rabi ba a wannan gwaji, bayan ya gwada na'urar ƙara ji aƙalla wata uku. A da sai ya kai 90. A Amurka, inshorar lafiya ta Medicare ta sassauta nata sharaɗin a 2022, daga kashi 40 zuwa kashi 60 a gwajin jimloli. Akwai kuma wata 'yar ƙa'ida mai sauƙin riƙewa da masana ji a Amurka suka fito da ita a 2020, ta 60 da 60: idan kunnen da ya fi kyau ya kai desibel 60, kuma mutum bai wuce kashi 60 a gane kalmomi ba, a tura shi cibiyar dashe a duba shi. Turawa ba ta nufin za a yi masa, tana nufin lokacin tambaya ya yi.

Abin da na'urar ƙara ji ta fi dashe da shi a bayyane yake. Ba wuƙa, ba maganin barci. In ba ta yi ba a cire, ba a rasa komai ba sai kuɗinta, wanda bai kama ƙafar na dashe ba. Sautinta ya fi kusa da na asali, musamman kiɗa da hawa da saukar murya. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga masu magana da harsunan da karin sauti yake canja ma'ana a cikinsu, irin su Sinanci da Hausa, domin nan ne dashe ya fi rauni, ko da yake masu shi suna cike giɓin da ma'anar zance. Matsalolinta ƙanana ne amma masu naci: fito idan abin toshe kunnen ya yi sako-sako, dauɗa ta toshe bututu, gumi ya shiga. Kuma na'urar da aka saya haka kawai ba gwaji ba saiti, ba a ce an gwada na'ura ba. Da yawa daga masu cewa "na sa, ba ta yi min komai ba" ba a taɓa saita musu ba.

Dashe kuwa tiyata ce ta awa biyu zuwa uku, yawanci da maganin barci. Kafin a yi sai an ɗauki hoton CT ko MRI a ga katantanwar a buɗe take kuma jijiyar ji tana nan, don idan babu jijiya ilektirod ba shi da abin tsikara. Jijiyar da ke motsa fuska da ta ɗanɗano suna wucewa dab da inda likita yake aiki. Taɓa ta fuskar ba kasafai yake faruwa ba, amma canjin ɗanɗano da jiri na ɗan lokaci ana samu. Akwai ƙarin haɗarin sanƙarau kaɗan, shi ya sa ake yin rigakafin ƙwayar nimokokas aƙalla mako biyu kafin aiki. Kuma ɗan jin da ya rage a wannan kunnen yana iya tafiya, duk da cewa likitocin yanzu suna ƙoƙarin kare shi. Wanda ya san zai riƙa buƙatar hoton MRI ya tambayi irin maganaɗisun da za a sa masa, don tsofaffin samfura sai an ɗaure kai ko an ciro maganaɗisun kafin a shiga injin.

Wa ya fi cin moriya? Babban da ya iya magana sannan ya kurumce, kuma bai daɗe a cikin shirun ba. Ƙwaƙwalwarsa tana da ajiyar kalmomi, aikinta kawai ta haɗa sabon sauti da tsohuwar ajiya, kuma da yawa daga irinsu suna komawa amsa waya. Tsufa ba ya hanawa, ana yi wa 'yan shekara 80 har sama. Abin da yake rage sakamako shi ne yawan shekarun da kunnen ya yi ba ya aiki. A nan ne manya suke cutar kansu, suna sauya na'ura bayan na'ura shekara da shekaru, kowace ta fi ta baya tsada, alhali ƙwayoyin da za su karɓi sautin sun riga sun tafi. Ko a ƙasashe masu arziki masana suna ƙiyasin cewa manyan da suka cancanci dashe ba a kai ɗaya cikin goma da aka yi wa ba, kuma babban dalili shi ne ba wanda ya tura su. Shi kuwa babban da aka haifa kurma, bai taɓa jin magana ba har ya girma, a gaya masa gaskiya tun farko. Zai ji ƙarar mota da ƙwanƙwasa ƙofa, karatun leɓe zai ƙara masa sauƙi, amma da wuya ya gane magana da kunne kaɗai.

Zancen yara shi ne mai zafi, domin su lokaci ba ya jiransu. Sashen ji na ƙwaƙwalwa yana ginuwa ne da sautin da yake samu a shekarun farko. Bincike ya nuna yaron da aka yi wa dashe kafin shekara uku da rabi ya fi dacewa, bayan shekara bakwai kuwa abin ya yi wuya ƙwarai ga wanda bai taɓa ji ba. Shi ya sa FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta yi ta sauko da shekarun da ake fara yi wa yaro dashe: shekara biyu a 1990, wata 12 a 2000, wata tara a 2020. Ƙa'idar da ake bi a ƙasashen da ke gwada jarirai ita ce a gwada kafin wata ɗaya, a tabbatar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Gwajin ba ya buƙatar jariri ya yi komai, yana barci ma ake yi. Inda babu wannan tsari, sai yaro ya kai shekara biyu ko uku ba ya magana, 'yan uwa suna cewa "a ƙyale shi, ai wane ma bai yi baki da wuri ba". Wannan lallashi ya cinye wa yara da yawa shekarun da suka fi tsada.

Ga yaro ma da na'urar ƙara ji ake farawa, a kunne biyu, duk lokacin da yake farke. Aiki ne ja, don kunnen jariri yana girma da sauri, abin toshewar da aka auna masa ya yi sako-sako cikin 'yan makonni, ya kama fito, shi kuma yana ta fizge shi. Akwai gwajin da uwa za ta iya yi kowace safiya. Ta tsaya a bayansa, ko ta kare bakinta, ta furta sautuka shida ɗaya bayan ɗaya: mmm, uuu, aaa, iii, shhh, sss. Sun taɓo magana daga mai kauri zuwa siririya. Yaron da yake juyowa ga "aaa" amma "sss" da "shhh" ba sa isa gare shi bayan watanni da na'ura mai kyau, ya nuna na'urar ba ta ishe shi ba. Kada a zauna jiran gawon shanu.

Sanƙarau shi kaɗai ne ba ya bin wannan tsari na a gwada a gani. Bayan ciwon, katantanwa tana iya fara cikewa da ƙashi cikin makonni ko 'yan watanni, kuma idan ta toshe babu inda wayar za ta bi. Duk wanda ya tashi daga sanƙarau, yaro ko babba, a gwada jinsa da wuri. A Ingila ƙa'idar ita ce cikin mako huɗu da samun ƙarfin jikin da za a iya gwada shi.

Akwai hanya ta uku da ake yawan ajiyewa gefe, wato maganar hannu. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kuramen yara iyayensu masu ji ne, ba su taɓa tunanin koyonta ba, wasu ma ana tsorata su cewa za ta hana yaro yin baki. Ni ban ga hikimar barin yaro ba harshe ko ɗaya na tsawon shekara biyu ana tara kuɗin tiyata ba. Yaron da ya san abubuwa suna da suna, ya iya tambaya da amsa da hannunsa, yana da ginshiƙin da zai ɗora magana a kai. Kuma mai dashe kurma ne idan ya kwanta barci, kurma ne ranar da waya ta tsinke. Akwai kurame manya da suke rayuwarsu cikakkiya da maganar hannu, ba sa kallon kansu a matsayin marasa lafiya, ba sa neman dashe. Wannan ma zaɓi ne, ba gazawa ba.

Yanzu ga wurin da iyalai suka fi faɗawa rami. Ana kallon tiyata a matsayin ƙarshen tafiya, alhali farkonta ce. Sai bayan mako biyu zuwa huɗu ake kunna na'urar. Masanin ji zai jona ta da kwamfuta, ya bi ilektirod ɗaya bayan ɗaya yana neman inda mutum ya fara ji da inda ya fara yi masa yawa. Yara da dama kuka suke fashewa da shi ranar, ba dariyar da ake gani a bidiyo ba. Wannan saiti ana maimaita shi sau da yawa a shekarar farko, daga baya a koma jefi-jefi, har ƙarshen rayuwa. Yaro yana buƙatar mai koyar da sauraro da magana na shekaru, da iyayen da za su yi ta yi masa surutu a gida. Batir yana ƙarewa, igiyar faifai tana tsinkewa, danshi yana shiga sai an riƙa kwantar da na'urar a akwatin busarwa da dare. Na ciki yawanci garantin shekara goma ne kuma yakan wuce haka, na waje kuwa bayan wasu shekaru sai an sauya, kuma kamfani yana daina yin kayan gyaran tsohon samfuri. Ba a haɗa na wajen wani kamfani da na cikin wani. Wanda aka dasa wa na Cochlear, ko MED-EL, ko Advanced Bionics, ko Nurotron, ya ƙulla da su ke nan.

Saboda haka tambayoyin da suka fi "nawa ne aikin?" su ne: wa zai riƙa saita min, kuma tafiyar awa nawa ce daga inda nake? Idan igiya ta tsinke, kwana nawa kafin wata ta iso? Mai koyar da magana yana jin harshen da muke yi a gida? Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da saitin shekarar farko? Wanda ya tsallaka wata ƙasa aka yi masa aiki ya dawo inda babu mai kwamfutar wannan kamfani, ya sayi rabin abu. Haka masu taimako da suke biyan kuɗin tiyatar yara a ɗauki hoto a watse. Bayan shekara biyu na wajen ya lalace, yaron ya koma shiru da ƙarfe a ka. Duk mai son faɗaɗa samun dashe, gwamnati ce ko ƙungiya, gara ya yi wa yara kaɗan ya riƙe su shekara goma, ya kuma horar da masana ji da masu koyar da magana, don su ne suka fi likitocin tiyata ƙaranci.

Ana samun ci gaba ta wannan fuska. Indiya ta sa dashen ƙananan yara 'ya'yan marasa ƙarfi cikin ADIP, shirinta na samar wa naƙasassu kayan taimako, tun 2014. A Disamban 2024 ƙasar Sin ta haɗa sayen asibitocinta wuri guda ta sa kamfanoni suka yi takara, farashin na'urar ya faɗo zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na da. Tun 2017 kuma FDA ta amince a riƙa saita wasu na'urorin daga nesa ta intanet, abin da zai rage wa na nesa da cibiya wahalar tafiya.

Saura batun kunne ɗaya ko biyu. Biyu sun fi wajen gane inda sauti ya fito da kuma ji cikin hayaniya, shi ya sa a Ingila ake yi wa yara duka biyun a zama ɗaya, manya kuwa ɗaya, sai makaho ko mai wata larura da ta sa ya dogara da kunne. Inda aljihu ne zai biya, ina ganin ɗaya da ajiyar kuɗin kula da shi ya fi biyu da za su mutu ba gyara, domin babban tsallen daga babu ne zuwa ɗaya. Idan ɗaya kunnen yana da sauran ji, a ci gaba da sa masa na'urar ƙara ji. Dashe ya kawo kaifin baƙaƙe, ita kuma ta kawo kaurin murya da karin sauti, sannan jijiyar wannan ɓangaren ta ci gaba da aiki ko da wata rana za a waiwaye ta da dashe na biyu.